Akromegali: mutum nawa ke ɗauke da ita cikin miliyan ɗaya?

Tsofaffin littattafan likitanci sun daɗe suna maimaita adadi ɗaya game da akromegali, cutar da ke sa hannu da ƙafa da fuska su yi ta kauri bayan mutum ya gama girma: mutum 40 zuwa 70 cikin kowane miliyan, sababbin da ake ganowa a shekara kuma 3 zuwa 4 cikin miliyan. Amma wanda ya bi binciken da aka wallafa daga 2006 zuwa yanzu zai ci karo da 86, da 125, da 137, har ma da wani bincike da ya kawo fiye da 1,000 cikin miliyan. Masana na ƙwarai ne suka fitar da duk waɗannan alƙaluma, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Bambancin ya fito ne daga inda aka duba, da yadda aka duba, da kuma wanda aka ƙirga. Wannan magana ta shafi mara lafiya kai tsaye, domin likitan da aka koya masa cewa da ƙyar zai ga wata cuta a rayuwarsa ba zai yi tunaninta ba ranar da ta zauna a gabansa.

Tushen cutar yana cikin fitutari, wani ɗan ƙullutun nama da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can a bayan hanci. Nauyinsa kusan rabin giram, faɗinsa kamar santimita ɗaya. Yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin gindin ƙoƙon kai, gurbin da masana suka laƙaba wa suna sirdin Turkawa saboda siffarsa. A samansa kaɗan jijiyoyin gani na idanu biyu suke haɗuwa su gitta juna, a gefensa na dama da hagu kuma manyan hanyoyin jini da ke zuwa ƙwaƙwalwa suke wucewa. Aikinsa aika saƙonni ta cikin jini, waɗanda ake kira homon. Ɓangarensa na gaba yana fitar da homon girma, da furolaktin mai kawo ruwan nono, da homon da ke tayar da ƙullutun wuya, da wanda ke sa a samar da kotisol, homon da ke taimaka wa jiki jure wahala da ciwo, da guda biyu masu tafiyar da al'ada da haihuwa. Ɓangaren baya kuma yana sakin homon da ke hana jiki zubar da ruwa ta fitsari, da wanda ke matse mahaifa lokacin naƙuda.

Akromegali tana samuwa ne idan homon girma ya yi yawa a jikin wanda ya riga ya gama tsawo. A fiye da kashi 95 cikin 100 na masu ita, wani ƙari ne ya fito a fitutari yana zuba homon ba ƙaƙƙautawa. Ƙarin ba sankara ba ne, ba ya bazuwa zuwa wasu sassan jiki. Sankarar fitutari ba ta kai ko kashi ɗaya cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a wurin ba. Homon girma yakan je hanta ya sa ta fitar da wani sinadari mai suna IGF-1, shi ne ke sa nama da ƙashi su yi ta ƙaruwa. Tunda bakin dogayen ƙasusuwa ya rufe bayan balaga, mutum ba ya ƙara tsawo, sai dai kauri: yatsu, tafin hannu, ƙafa, muƙamuƙi, goshi, hanci, leɓe, harshe, har da zuciya. Likitan Faransa Pierre Marie ne ya raɗa mata suna a 1886, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙarshen gaɓa da girma.

Lissafi iri biyu da ake yawan gwamutsawa

Akwai adadin mutanen da ke raye da cutar a wata rana guda, akwai kuma adadin sababbin da ake ganowa cikin shekara. Na farko ya dogara da na biyu da kuma tsawon rayuwar mara lafiya bayan an gano shi. A ce ana gano mutum 4 cikin miliyan kowace shekara, kuma kowannensu yana rayuwa shekara 15 bayan haka, to a kowane lokaci za a sami kusan 60 cikin miliyan. Idan magani ya inganta suka koma rayuwa shekara 25, adadin ya zama 100, alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru ba a cikin masu kamuwa. Saboda haka wani ɓangare na hauhawar da ake gani labari ne mai daɗi, mutane ne da a da suke mutuwa da ciwon zuciya suna tsakiyar shekarunsu, yanzu kuma suna tsufa. Galibin masu bincike kuma ba sa cire wanda aka yi wa aiki ya warke daga lissafi, yana nan cikin jerin har ƙarshen rayuwarsa.

Tsohon adadin ya samo asali ne daga bincike irin wanda aka yi a yankin Niyukasul na Ingila, aka wallafa a 1980, inda aka sami kusan mutum 40 cikin miliyan da sababbi kusan 3 a shekara. A wancan zamani babu hoton MRI mai nuna cikin kai dalla-dalla, gwajin IGF-1 bai zama ruwan dare ba, kuma ana tattara sunaye ne daga manyan asibitoci. Wanda ya kai babban asibiti kuwa, yawanci cutar ta riga ta bayyana a fuskarsa yadda ko daga nesa za a lura.

A 2006 masana a lardin Liyej na Beljiyam suka bi wata hanya dabam. Maimakon su jira a babban asibiti, sai suka zaɓi wasu yankuna masu mutum 71,972, suka bi likitocin unguwa ɗaya bayan ɗaya suna bincika takardun marasa lafiyarsu. Sun sami mutum 68 masu ƙarin fitutari da ke haddasa matsala, wato mutum ɗaya cikin kowane 1,064, ninki uku zuwa biyar na abin da aka saba faɗa. Kashi 66 cikin 100 masu ƙarin da ke fitar da furolaktin ne, kusan 15 masu ƙarin da ba ya fitar da homon, kusan 13 masu akromegali, kusan 6 masu cutar Cushing, wadda kotisol ke yin yawa a cikinta. Masu akromegali su 9 ke nan, wanda ya ba da kimanin 125 cikin miliyan. A 2010 aka wallafa irin wannan aiki daga garin Banburi na Ingila, mai mutum 81,449 a rajistar likitoci: an sami 63 masu ƙarin fitutari, 7 daga ciki masu akromegali, wato 86 cikin miliyan. Ayisland, ƙasa mai mutum dubu ɗari uku da 'yan kai a lokacin, wadda kusan duk mai irin wannan cuta yake bi ta hannun 'yan likitoci ƙalilan, ta ba da 137 cikin miliyan. Koriya ta Kudu kuma ta ba da kusan 28. Wani nazari na 2021 da ya haɗa bincike da yawa wuri guda ya tsaya a kan kusan 59 cikin miliyan, da sababbi kusan 4 a shekara.

A kula da ƙanƙantar waɗannan ƙidayoyi. A Liyej mutum 9 ne. Da biyu daga cikinsu sun ƙaura kafin ranar ƙidaya, adadin zai sauko zuwa 97 cikin miliyan. Da an sami ƙarin biyu, zai haura 150. Don haka bai kamata wani ya ɗauki 125 da 86 ya ce Beljiyam ta fi Ingila masu cutar ba. Abin da za a iya riƙewa shi ne, duk inda aka bi ƙofa-ƙofa a matakin likitan unguwa, ana samun fiye da abin da rajistar babban asibiti ta nuna. Kuma kusan duk binciken da aka yi a kan al'umma gaba ɗaya daga Turai, Arewacin Amurka da Gabashin Asiya ya fito. Daga sauran sassan duniya galibi rahoton asibiti ɗaya ake samu, irin mai cewa mun ga mutum kaza cikin shekara kaza. Irin wannan rahoto yana auna iya waɗanda suka samu isa asibitin ne kawai.

Binciken da ya fi ta da ƙura shi ne na Jamus da aka wallafa a 2008. An ɗebi jinin mutum 6,773 da suka zo ganin likitan unguwa saboda dalilai daban-daban, aka auna IGF-1 a dukkansu, aka bi diddigin waɗanda nasu ya hau. Sakamakon ya kai kusan 1,000 cikin miliyan. Ni a ganina ba daidai ba ne a ɗauki wannan adadi a ɗora wa jama'a gaba ɗaya, domin waɗanda ke zuwa asibiti sun fi sauran mutane hawan jini da ciwon sukari da ciwon gaɓoɓi, waɗannan kuwa su ne abokan tafiyar akromegali. Duk da haka ya nuna abu ɗaya a fili: akwai masu cutar da ke zama a benci ɗaya da sauran marasa lafiya, ana ba su maganin hawan jini wata bayan wata, babu wanda ya tambayi abin da ya kawo shi.

Ana iya kimanta yawan waɗannan ɓoyayyu da lissafi mai sauƙi. Tsakanin fara alamu da gano cutar, a da akan ɗauki shekara 7 zuwa 10, sababbin rahotanni kuma suna kawo kusan 5. Idan ana gano 4 cikin miliyan a shekara, kuma kowanne ya yi shekara 5 zuwa 10 da ita kafin a sani, to a yau ɗin nan akwai mutum 20 zuwa 40 cikin kowane miliyan da cutar ke aiki a jikinsu ba su sani ba. Waɗannan su ne waɗanda za a gano nan gaba. Wanda zai mutu da bugun zuciya ba tare da an taɓa ganowa ba, ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Ko da mun ɗauki adadi mafi girma, akromegali tana cikin cututtukan da doka ke kira marasa yawa. Tarayyar Turai tana sa cuta a wannan rukuni idan ba ta wuce mutum 5 cikin 10,000 ba, wato 500 cikin miliyan. A Amurka, ƙarƙashin dokar ƙarfafa samar da magungunan irin waɗannan cututtuka wadda aka kafa a 1983, ma'aunin shi ne ƙasa da mutum 200,000 a faɗin ƙasar. Ga yadda abin yake a aikace: likita mai kula da mutum 2,000, idan adadin 60 ne cikin miliyan, sai an haɗa irinsa takwas kafin a sami mai akromegali ɗaya a tsakaninsu. Allura ce cikin ruwa. Amma idan aka ninka 59 cikin miliyan da mutanen duniya biliyan takwas, ana maganar kusan mutum dubu ɗari huɗu da saba'in.

Akwai wani adadi da ke firgita mutane a banza, ya kamata a ambace shi. Wani nazari na 2004 ya nuna cewa idan aka duba fitutarin mutanen da suka mutu da wasu cututtuka, ko aka ɗauki hoton kan masu rai, kusan mutum ɗaya cikin shida yana da ɗan ƙari a wurin. Mafi yawansu ba su kai milimita 10 ba, ba sa fitar da komai, ba sa girma, mutum ya rayu da su ya mutu bai sani ba. Wanda aka ɗauki hoton kansa saboda ciwon kai ko haɗari aka ga irin wannan, abin da ake yi shi ne gwajin jini na furolaktin da IGF-1 da sauran homon, a duba gani idan ƙarin ya matso kusa da jijiyoyin ido, sannan a sake hoto bayan wani lokaci. Tsakanin ɗaya cikin shida da ɗaya cikin dubu akwai tazara mai nisa, kuma a cikinta ne mafi yawan masu irin wannan hoto suke.

Me ya sa take ɓuya shekara da shekaru?

Sauyin yana tafiyar hawainiya. Wanda ke kallon madubi kullum ba ya ganinsa, iyalinsa ma haka, sai dai wanda ya yi shekaru bai ga mutumin ba. Maza da mata kusan daidai suke kamuwa, kuma yawanci ana gano ta ne tsakanin shekara 40 zuwa 50, lokacin da kowa ke sa ran jiki ya ɗan yi nauyi, gwiwa ta fara ciwo, jini ya ɗan hau. Sai a ɗora wa shekaru komai.

Bugu da ƙari, cutar tana rarraba kanta ga likitoci da yawa, kowa ya ga yankinsa. Likitan haƙori yana ganin wushirya ta ɓullo ga wanda ba a haife shi da ita ba, haƙoran ƙasa sun zarce na sama, ga shatin haƙora a gefen harshe. Likitan ƙashi yana ganin gaɓoɓin da suka lalace tun kafin lokacinsu, ko hannu biyu da ke mutuwa da dare saboda naman wuyan hannu ya matse jijiya. Wani yana kula da hawan jini, wanda ke samun kusan ɗaya cikin uku ko fiye na masu cutar. Wani yana kula da sukari, domin homon girma yana hana insulin, homon da ke sauko da sukarin jini, aiki yadda ya kamata. Fiye da rabinsu suna fama da minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, saboda harshe da naman maƙogwaro sun yi kauri. Ga zufa mai yawa, ga maiƙon fata, ga murya da ta yi kauri, ga ciwon kai. Mace al'adarta takan rikice ko ta ɗauke, namiji sha'awarsa takan ragu. Kowanne daga cikin waɗannan shi kaɗai abu ne da ake gani kullum. Haɗuwarsu a jikin mutum ɗaya ita ce alamar.

Tambayoyi biyu sun fi kowace na'ura arha: zobenka yana shiga kamar da? Lambar takalminka ta canza bayan ka gama girma? Babba ba ya canza lambar takalmi sau biyu ko uku haka kawai, ruwa ba ya tsami banza. Sai kuma hotuna. A jera hoton fuska na shekara 15 da suka wuce, da na shekara 10, da na 5, da na yau, a dubi faɗin hanci da kaurin leɓe da tudun da ke saman gira da tsawon haɓa. Sau da yawa daga nan ake gane shekarar da abin ya fara.

Jinkirin yana da farashi da ake iya aunawa. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu akromegali, lokacin da aka gano su ƙarin ya riga ya kai milimita 10 ko ya wuce. Idan ya yi sama yakan danne mahaɗar jijiyoyin gani, sai mutum ya rasa ganin gefe a idanu biyu, yana karo da bakin ƙofa ko bai ga abin hawa da ke zuwa ta gefensa ba, alhali yana karatu lafiya lau. Idan ya yi gefe yakan shiga wurin da manyan hanyoyin jini suke, inda mai tiyata ba zai iya kwashe shi duka ba.

Gwajin farko shi ne IGF-1 a jini, kuma ba sai an yi azumi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna homon girma sau ɗaya a yanke hukunci. Shi homon girma fita yake yi a tsattsaye, ya hau ya sauka, ya fi yawa cikin barci mai nauyi, kuma rabinsa yana ɓacewa daga jini cikin kusan minti 20. Lafiyayye zai iya nuna adadi mai yawa idan an dace da lokacin hawansa, mai cutar kuma ya nuna adadi matsakaici. IGF-1 kuwa yana zama daram a yini. Sai dai dole a gwada sakamakon da ma'aunin shekarun mutum, domin abin da yake daidai ga ɗan shekara 18 ya yi yawa ƙwarai ga ɗan shekara 60. Lokacin balaga da lokacin juna biyu yakan hau ba tare da cuta ba. Ciwon hanta, ciwon ƙoda, rashin abinci mai gina jiki, sukarin da ya ƙi saituwa, da ƙwayoyin estirojin, wato homon mata, da ake haɗiya kuma sukan sauko da shi, har su rufe cutar da ke nan. Ɗakunan gwaji ma ma'auninsu ya bambanta, shi ya sa ake so a riƙa maimaitawa a wuri ɗaya.

Idan sakamakon bai fito fili ba, sai a yi gwajin ruwan sukari. Mutum zai kwana bai ci komai ba, a ɗebi jini, a ba shi giram 75 na gulukos a narke cikin ruwa, sannan a riƙa ɗiban jini kowane minti 30 har awa biyu. A jikin lafiyayye sukari yana danne homon girma ya sauka ƙasa da maikirogiram 1 a lita, ko ƙasa da 0.4 a injuna masu kaifi na zamani. A mai akromegali ba ya sauka, wani lokaci ma hawa yake yi. Ga wanda sukarinsa ya riga ya yi yawa sosai, wannan gwaji ba abin dogaro ba ne. Bayan jini ya tabbatar ne ake ɗaukar hoton MRI na fitutari tare da allurar da ke haska nama. Idan aka fara da hoto, ana iya cin karo da ɗan ƙarin nan na ɗaya cikin shida a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Wani zai ce tunda gwajin jini ɗaya ne, me zai hana a yi wa kowa? Lissafi ne ya hana. Ana tsara iyakar sama ta IGF-1 ne yadda kusan kashi 2.5 cikin 100 na lafiyayyu za su wuce ta. A gwada mutum miliyan, 25,000 za su fito da sakamako mai hawa, masu cutar na gaskiya kuwa kusan 100 ne. Wato cikin kowane 250 da aka tayar wa hankali, ɗaya ne mai ita. Abin da ya fi dacewa shi ne a gwada wanda siffarsa ta canza, da wanda ya tara da yawa daga cikin matsalolin nan a lokaci guda: ɗaukewar numfashi a barci, sukari, hawan jini, ciwon gaɓoɓi, mutuwar hannu biyu, zufa mai yawa. Da kuma duk wanda aka ga ƙari a fitutarinsa.

Idan ƙarin ya fara tun kafin bakin ƙashi ya rufe, yaro yakan yi tsawon da ya wuce misali. Wannan nau'i ya fi akromegali ƙaranci nesa ba kusa ba. Sai da masana daga ƙasashe da dama suka haɗa hannu kafin su tara mutum 208 a wani bincike na 2015. Robert Wadlow na Amurka, wanda ya rasu a 1940 yana da shekara 22, ya kai mita 2.72. A irin waɗannan ne gado ya fi taka rawa: kusan rabin mutum 208 ɗin an sami dalilin cutarsu a ƙwayoyin gado. Ƙwayar da aka fi samu ita ce AIP, wadda masana a Finlan suka danganta da ƙarin fitutari a 2006. A 2011 aka ciro ƙwayar gado daga haƙoran Charles Byrne, dogon mutumin Ayaland da ya rasu a Landan a 1783, aka tarar yana da irin lahanin AIP da wasu iyalai na Ayaland ta Arewa ke ɗauke da shi a yau, daga kaka ɗaya. A wani yanki na tsakiyar Ulsta, a Ayaland ta Arewa, kusan mutum ɗaya cikin 150 yana ɗauke da lahanin, kodayake kusan ɗaya cikin biyar ne kawai na masu ɗauke da shi ƙarin ke fito wa. Wannan ya nuna cewa adadin ƙasa gaba ɗaya yana iya ɓoye wani lungu da cutar ta taru. Shi ya sa duk wanda aka gano yana da ita tun yana ƙasa da shekara 30, ko wanda wani a danginsa ke da ƙarin fitutari, ake ba shi shawarar gwajin gado.

Maganin farko tiyata ce ta cikin hanci, ba a buɗe ƙoƙon kai. Hermann Schloffer ne ya fara bin wannan hanya a 1907 a ƙasar Ostiriya, Harvey Cushing ya yi ta ga mai akromegali a 1909, yau kuma ana yinta da siririyar kyamara. A hannun wanda ya saba, ƙaramin ƙari yana fita gaba ɗaya a kusan takwas cikin goma, babba kuwa kusan rabi ne. A nan ƙarancin cutar yake da illa ta biyu, domin sakamako ya dogara ƙwarai da yawan irin wannan aiki da mai tiyatar ke yi a shekara, kuma masu yinsa da yawa ba su da yawa. Tambayar mai tiyata sau nawa yake aikin fitutari a shekara haƙƙin mara lafiya ne.

Idan aiki bai kwashe duka ba, akwai allurai masu danne fitar homon girma: allurar oktiriyotayid mai daɗewa, miligiram 10 zuwa 30 a tsoka kowane mako huɗu, ko lanriyotayid miligiram 60 zuwa 120 a ƙarƙashin fata. Sukan kawo gudawa da kumburin ciki a farko, da tsakuwa a matsarmama idan an daɗe ana yi. Pasiriyotayid ya fi su ƙarfi ga wasu, amma yana ta da sukari. Pegbisomant allurar kullum ce da ke toshe aikin homon girma a jiki ba tare da ta rage ƙarin ba, don haka da IGF-1 ake bibiyarta, tare da gwajin hanta. Ƙwayar kabagolin takan wadatar idan hawan kaɗan ne. Gasa ƙarin da haske na musamman yana aiki, sai dai yakan ɗauki shekaru, kuma sau da yawa yana raunana sauran fitutarin har mutum ya koma shan homon a madadin wanda ya rasa. Idan IGF-1 ya dawo daidai, tsawon rai yana komawa kusan na kowa, alhali a da haɗarin mutuwa ya kai ninki biyu. Zufa da kumburin hannu sukan ragu cikin kwanaki ko makonni. Ƙashin da ya riga ya girma da gaɓar da ta lalace ba sa komawa. Ana kuma so a leƙa babban hanji da kyamara, saboda ƙananan tsiro sun fi fitowa a hanjin masu cutar.

Makonnin farko bayan tiyata suna da nasu haɗurra. Cikin kwana ɗaya ko biyu wasu sukan yi ta fitsari mai yawa fari fat da ƙishirwa mai tsanani, saboda ɓangaren baya na fitutari ya taɓu; yawanci yana wucewa, kuma akwai maganinsa. Tsakanin kwana na 5 zuwa na 10, bayan an sallami mutum, akasin haka kan faru: jiki ya riƙe ruwa, gishirin jini ya faɗi, sai ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa. Wannan ne babban dalilin da ke mayar da mutane asibiti, shi ya sa ake auna gishirin jini bayan mako ɗaya. Ruwa garai-garai mai ɗanɗanon gishiri da ke ɗiga daga hanci idan an sunkuya yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa, ba a jira da shi. Ba a fyace hanci da ƙarfi ko ɗaukar kaya mai nauyi har sai likita ya ba da izini, kuma ana auna kotisol na safe tun kafin sallama. IGF-1 kuwa yana sauka ne a hankali, don haka sai bayan mako 12 ake auna shi a san ko aikin ya yi.